Yadda Makaranta Za Ta Karrama 'Yan Mazan Jiya da Masu Yi Mata Hidima Don Allah

Shekarar farko da muka shirya irin wannan taro a makarantarmu, a nan cikin garin Sakkwato, mun tafka kuskuren da har yau yake sosa mini rai. Mun gayyato tsofaffin sojoji huɗu na unguwa, da mutanen da suka daɗe suna taimaka wa makaranta ba tare da ana biyansu ko sisi ba. Muka kuma gayyato wani mai muƙami ya zama babban baƙo. Tsofaffin nan tun ƙarfe takwas suka iso cikin hazo da sanyin hunturu, ɗaya yana dogara sanda, ɗaya jikansa ya kawo shi a babur. Babban baƙo bai shigo ba sai wajen sha ɗaya. Aka yi ta jawabi ana gode masa, lokaci ya ƙure, aka sallami yara. Wani tsohon saje da ya maƙalo lambobinsa a ƙirjin babbar riga ya tashi bai ce uffan ba. Da na raka shi bakin ƙofa ina ba shi haƙuri, sai ya ce, "Ba komai Malam, mun gode da kunka tuna da mu."

Tun daga ranar muka sake tsari. Abin da ke tafe shi ne hanyar da muke bi yanzu, ga hedimasta ko malami ko ɗan kwamitin makaranta da ke son yin abin a tasu makarantar.

Mataki na farko: ku san mutanenku da sunansu da aikinsu

Wannan shi ne mafi nauyi, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Ku ba shi mako uku ko huɗu.

Tsofaffin sojojin da za ku samu ba tsara ɗaya ba ne. Waɗanda suka je yaƙin duniya na biyu, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi da Japanawa a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, don wanda yake da shekara 18 a 1945 yanzu yana bakin ɗari. Amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan, kuma a gidaje da dama akwai lambar yaƙi ko tsohon hoto a ƙasan adaka. Bayansu sai waɗanda suka je Kongo tsakanin 1960 da 1964, sai na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, waɗanda ƙaraminsu ya haura shekara 70. Sai na Lebanon da Chadi, sai 'yan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990 daga baya suka wuce Saliyo, sai na Darfur. Sai kuma waɗanda suka dawo daga Arewa maso Gabas ko dazukan da ke kusa da mu, wasunsu matasa ne da rauni ya sa suka ajiye kaki.

Ta ina za ku gano su? Hanyar da ta fi ba mu sakamako ita ce ta yara. Malamin kowane aji ya ba su aikin gida, su tambayi iyaye ko akwai wanda ya taɓa aikin soja a gidan ko a maƙwabta, yana raye ko ya rasu. Daga nan ku je wurin mai unguwa da limamin shiyya, don su suka san gidan da gwauruwar soja take da marayunta. Ku leƙa ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa reshen jiha, su ma suna da rajistar mutanensu. Kuma ku dubi bakin ƙofarku. Sau da yawa maigadin makaranta ko na asibitin unguwa tsohon soja ne, yara suna wuce shi kullum ba su san ya taɓa tsallaka teku ba.

Ga kowane mutum ku rubuta cikakken suna, da muƙamin da ya bar aiki da shi, da shekarun da ya yi, da wuraren da ya je. Muƙamin nan ku riƙe shi da kyau. Mai igiya uku saje ne, mai biyu kofur ne, kuma wanda ya kai samanja ya sha wuya kafin ya kai, in kuka kira shi kofur a gaban jama'a kun rage masa abin da ya yi shekaru yana nema. Idan kuna shakkar wani, kada ku tuhume shi. Ku ce kuna son ganin takardar sallama ko katin fansho don ku rubuta komai daidai, mai gaskiya da murna zai ɗauko.

Ɓangare na biyu su ne masu hidimar makaranta. A nan idon mutum yakan tsaya kan wanda ya ba da kuɗi mai yawa, ya tsallake wanda ya ba da jikinsa. Ku zauna da malamai ku bi shekarar wata-wata. Wa ya mayar da kwanon aji da iskar farkon damina ta yaye? Wane makaniki ne yake gyara famfon burtsatse bai taɓa kawo takardar kuɗi ba? Wace uwa ce take bi gida-gida tana lallashin iyaye su bar 'yan mata su dawo aji? Akwai mai takardar NCE da yake koyar da lissafi shekara biyu yana jiran a ɗauke shi aiki. Akwai 'yan agaji da ke tsallakar da yara titi, da 'yar hidimar ƙasa da ta tara littattafai ta buɗe ɗan ɗakin karatu, da tsohon ɗalibin da ya kawo benci goma bai bari an faɗi sunansa ba. Ku rubuta abin da kowa ya yi dalla-dalla, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana yi.

Wata kalma kuma sai an yi hattara da ita. A takardun hukuma ana cewa "aikin sa-kai", kuma "malamin sa-kai" ba ya tayar da hankalin kowa. Amma a jihar nan, musamman ga wanda ya fito daga gabashinta, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, "'yan sa-kai" na nufin masu ɗaukar makami, ƙungiyar da har gwamnatin jiha ta taɓa haramtawa. Kada ku rubuta "taron karrama 'yan sa-kai" a kati ko a kyalle. Mu "masu hidimar makaranta" muke cewa, ko "masu taimako don Allah".

Wani zai tambaya me ya haɗa tsohon soja da mai gyaran famfo a taro ɗaya. Ni a ganina haɗin shi ne darasin. Yaro ɗan aji biyar ba zai tafi Saliyo gobe ba, amma zai iya ɗaukar tsintsiya. In ya ga an zaunar da su a sahu ɗaya ana kiran sunansu da girmamawa iri ɗaya, zai gane cewa hidimar jama'a tana da ƙofar da shi ma zai iya shiga tun yanzu.

Mataki na biyu: izini da 'yan aiki

Hedimasta ya kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta (SBMC) da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA), a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar ilimi in sakandare ce. A je a gaida uban ƙasa ko hakimi a sanar da shi, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. 'Yan kwamitin shiri kada su wuce bakwai, a sa mace aƙalla biyu, da tsohon soja ɗaya. Wanda za a karrama a ɓangaren masu hidima kada a ɗora masa ɗaukar kujeru ranar, abin da kan faru ke nan in ba a kula ba, don su ne dama aka saba kira.

Mataki na uku: zaɓen rana

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya ita ce 15 ga Janairu. A da 11 ga Nuwamba ake yi, kamar sauran ƙasashen da Ingila ta raina, don tuna ƙarshen yaƙin duniya na farko a 1918. Daga baya aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Masu hidima kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu 5 ga Disamba, sai dai lokacin yakan faɗo cikin jarrabawar zangon farko, shi ya sa muke haɗe su duka a Janairu.

Shawarata kada ku sa taronku a ranar 15 ɗin kanta. Gwamnati tana nata bikin a ranar, da fareti da ajiye furanni, bayan addu'o'in da akan yi a masallacin Juma'a da coci kafin ranar, kuma shugabannin 'yan mazan jiya duk can za su tafi. Ku zaɓi Laraba ko Alhamis ta makon da ke biye. Hakan zai ba yara lokacin natsuwa, tunda a farkon Janairu ake komawa zango na biyu. Wannan kuma yana nufin tattara sunaye da neman izini sai an gama su tun Nuwamba, kafin hutu. Ku riƙa duba kalandar Musulunci ma, don azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, nan gaba kaɗan zai shigo Janairu.

Akwai wani nauyi da wannan rana take da shi a wurin Basakkwace wanda bai kamata malami ya yi kamar bai sani ba. A 15 ga Janairu 1966 ne sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, tare da uwargidansa Hafsatu a Kaduna, a juyin mulkin da ya ci Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Dattawa za su tuna, wani ma zai ambata. Ku sa su cikin addu'a da sunansu. Amma ku ja kunnen duk mai jawabi kada a mayar da filin makaranta wurin tone-tonen ƙabilanci. A azuzuwanmu akwai 'ya'yan Ibo da Yarbawa da sauran ƙabilu da aka haifa a garin nan, kuma da aka gama yaƙin Janar Yakubu Gowon cewa ya yi babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci.

Mataki na huɗu: gayyata da ƙafa

Kati ba ya gayyatar dattijo. Zumunci a ƙafa yake. Mutum biyu su je gidansa bayan la'asar, da ɗan goro ko dabino, a gaisa a natse kafin a faɗi abin da ya kawo su. "Baba Saje, hedimasta ya aiko mu. Muna son ka zo ɗiyanmu su gan ka, su ji abin da kunka gani." Wurin mata kuwa malamai mata za su shiga, kuma in matar aure ce a nemi yardar maigidanta tun da wuri, a gayyace shi shi ma.

A ziyarar nan ku tambayi abubuwan da za su hana ku jin kunya ranar taro. Yana iya zama awa ɗaya da rabi? Yana ji sosai? Akwai abincin da likita ya hana shi? Wa zai kawo shi? In babu, kwamiti ya tanadi a-daidaita-sahu ta ɗauko shi ta mayar. Sannan ku tambaye shi ko yana son yin magana. Wasu suna ɗokin a tambaye su. Wasu kuwa abin da suka gani ya yi musu nauyin da ba sa son buɗe shi, kuma ba a tilasta musu. Zamansa a wurin kawai ya wadatar.

Daga cikin masu hidima za ku haɗu da wanda zai ce, "Malam, don Allah na yi, kada ku ɓata mini lada." Wannan magana ce ta mai tsoron riya, kuma ta cancanci a girmama ta. Abin da nakan tuna masa shi ne hadisin da ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, don haka godiyar wajibinmu ce mu, shi bai nema ba. Akwai kuma hadisin da ke cikin Muslim, da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi, ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. Mafi yawa sukan yarda. Wanda ya dage, a bar shi a kan ra'ayinsa. A faɗi aikin a taro a ɓoye sunan, daga baya hedimasta ya je gida ya yi masa godiya.

Mataki na biyar: ku shirya yara kafin ranar

In yara ba su san komai ba, za su ga tsofaffi ne kawai a kan kujera. Mako biyu kafin taro a ware darasi biyu ko uku. A kawo taswirar duniya, yaro ya sa yatsa a Sakkwato ya bi har Legas, ya tsallaka teku zuwa Indiya da Bama, ko ya gangara Laberiya da Saliyo. A gaya musu cewa barikin Chindit na Zariya da na Myohaung da Arakan a Legas duk daga yaƙin Bama suka samo sunansu, kuma Hausa ce harshen da sojojin wancan zamani suke magana da shi a bariki. A tambaye su me ya sa ake cewa barikin Giginya da filin wasa na Giginya, daga nan a ba su labarin artabun da aka yi da Turawa a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, a watan Maris na 1903, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru har zuwa Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. Makarantar da ke da hali ta kai 'yan manyan aji gidan tarihi na Waziri Junaidu su ga kayan yaƙin da da idonsu, gani ya kori ji.

Yara da yawa ba su san Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar shi ma tsohon soja ba ne. Ya kai muƙamin Birgediya Janar, ya yi aiki da ECOMOG a Saliyo, kafin a naɗa shi a 2006. Duk ajin da na faɗi haka sai na ga yara sun gyara zama.

A ɓangaren hidima ba mu bukatar aro daga ko'ina. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata, kusan shekara 200 da suka wuce. Jagororinta, waɗanda ake kira jaji, dattijan mata ne da suke takowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu, ba albashi. Kuma ta san darajar a ga alama, shi ya sa take naɗa wa jaji malfa da jan rawani, duk wanda ya hange ta ya san matsayinta. Ku gaya wa 'yan mata cewa innar da take raka su makaranta kowace safiya a wannan sahu take.

Sai ku zaɓi yara shida ko takwas, maza da mata, ku tsara tambayoyinsu tare. A ina aka haife ka, kana da shekara nawa ka shiga? Me kuke ci a can? Ta yaya kuke aiko da saƙo gida? Yaya kuke yin salla ko ibada a daji? Wane aboki ne ba ka manta da shi ba? Me ka fara yi ranar da ka dawo? Tambayar da za ku hana tun a aji ita ce "mutum nawa ka kashe?" Yaro zai so ya yi ta, don haka ku bayyana masa dalilin hanin, cewa akwai ciwon da ba a taɓawa. Kada kuma a shirya wasan kwaikwayo da bindigar roba da ihun harbi, kada a bar kowa ya kunna abin wasa mai fashewa. Wasu tsofaffin sojoji ƙarar kawai takan mayar da su inda ba sa son komawa, kuma a cikin ɗalibanmu akwai waɗanda suka gudo daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa.

In kuna da 'yan sikawut, ku roƙi wani tsohon samanja ya zo sau uku ko huɗu ya koya musu fareti da yadda ake ƙamewa a sara. Ba mu taɓa neman wannan aka ƙi ba.

Mataki na shida: kuɗi da kyauta

Kada a yanka wa ɗalibai kuɗi. A nemi gudummawa daga tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar unguwa da asusun PTA, a rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna a allon sanarwa bayan taro. Ƙa'idar da muke bi ita ce kuɗin kyauta ya fi na rumfa da kujeru da lasifika. In kuɗi ya gaza a yi a inuwar bishiya da bencin aji da tabarmi, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allon yabo mai ƙyalli yana da kyau a hoto, amma dattijon da ke jiran fansho a tsakiyar hunturu bargo ya fi yi masa amfani. Yadin shadda, turmin atamfa, darduma, sabulu, 'yan kwanonin gero ko shinkafa, ko matashin fata daga hannun dukawanmu na gida, duk sun yi. In akwai kuɗi a sa a ambulan a miƙa a gida, kada a ƙirga a gaban jama'a. Kyautar ta zama daidai wa daida tsakanin kofur da kyaftin.

Takardar yabo kuwa kada ta zama mai cewa "don gudummawarsa ga ci gaban ilimi" da aka buga iri ɗaya ga kowa. A rubuta aikin. "Don shekara uku da ta yi tana tattaro 'yan matan shiyyarsu tana raka su makaranta." "Don gyaran famfon makaranta sau biyar ba tare da karɓar lada ba." A rubuta da Hausa, wanda ajami ya fi iyawa a sa malamin Arabiyya ya rubuta masa da ajami. A sa mutum biyu su duba rubutun kowane suna.

Mataki na bakwai: ranar taro

Ku fara tara da rabi, lokacin da sanyi ya ɗan saki, ku gama kafin sha ɗaya da rabi. Ku fara a kan lokaci ko wa bai iso ba. Waɗanda ake karramawa su ne a sahun gaba, bayansu ga iska, kusa da ruwan sha da ban-ɗaki, mata a nasu ɓangaren da yake daidai da na maza. Manyan baƙi su zauna a gefe. Hular jam'iyya da kyallen ɗan takara ba su da wuri, kuma maroƙi in ya zo a sallame shi da mutunci kafin a fara.

A buɗe da addu'a, a yi taken ƙasa, 'yan sikawut su wuce su sara wa dattawa. Za ku ga wanda da ƙyar yake tafiya ya yunƙura ya miƙe ya rama. Hedimasta ya yi minti biyar, kada ya ƙara. Daga nan sai kiran sunaye, kuma yara ne za su yi shi. Yarinya ta fito ta karanta suna da muƙami da wuraren da mutum ya je, yaro ya ɗauki kyautar ya je har inda dattijon yake zaune ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Haka za a bi masu hidima ɗaya bayan ɗaya, ana faɗin aikin kowa. Kada a tara su a ce "da sauransu".

Zuciyar taron ita ce hirar yara da dattawa. A ba ta rabin awa cur, mutum biyu ko uku, har da mace ɗaya daga masu hidima ko gwauruwar soja in ta yarda. Malami ɗaya ya zauna kusa yana riƙe da makirufo, yana maimaita tambaya ga wanda ba ya ji sosai. In murya ta sarƙe wa mai magana, a yi shiru a jira shi, kada mai gabatarwa ya yi saurin cike wurin da surutu.

Game da tuna mamata, a bikin gwamnati akan yi shiru na minti ɗaya, a busa bigila, a ajiye furanni. A makarantar unguwa a Sakkwato wasu iyaye da malamai ba su natsu da wannan ba, kuma ban ga dalilin jawo gardama a kansa ba. Mu sunayen mamatan unguwa muke karantawa, liman ya yi addu'a, in akwai Kirista cikin waɗanda ake karramawa a ba wani daga cikinsu dama ya yi tasa. Tare suka kwana a rami ɗaya, ba mu ne za mu raba su a filin makaranta ba.

A rufe da ɗan abin taɓawa, masa ko hoce da kunun zaƙi, a fara ba dattawa. Mai ɗaukar hoto ya nemi izini. Hoton iyalin sojan da ke bakin aiki yanzu, ko sunan unguwarsu, kada ya hau Facebook ko WhatsApp. Halin tsaron da muke ciki bai bar wurin sakaci ba.

Mataki na takwas: bayan an naɗe tabarma

Cikin mako guda a kai kyautar waɗanda rashin lafiya ya hana zuwa, malami da ɗalibai biyu su je har gida. A buɗe kundi mai bango mai ƙarfi a ofishin hedimasta, kowane mutum da shafinsa, kowace shekara a ƙara. Da shi za ku san wa za ku kai wa gaisuwar salla, wa za ku je dubiya, wa za ku je wa ta'aziyya.

Akwai taimakon da makaranta take iyawa ba tare da kashe kuɗi ba. Lokacin tantance 'yan fanshon soja dattawa da yawa sukan rasa mai cike musu takarda ko mai duba musu saƙo a waya, malami ɗaya da ya iya kwamfuta zai ɗauke musu wannan. Marayun sojoji da ke cikin ɗalibanku kwamiti ya yafe musu kuɗin PTA, ya ɗinka musu yunifom, a asirce, kada a kira su gaban asambuli. Malamin sa-kai kuma takardar shaida mai hatimin makaranta da ta faɗi darasin da ya koyar da shekarun da ya yi za ta yi masa rana in an buɗe ɗaukar aiki, a ba shi ita ba sai ya roƙa ba.

In kuna son dasa bishiya da sunan kowane wanda aka karrama, ku yi alkawarin a Janairu amma ku jira damina ta zauna, wajen Yuli, don dashen rani a Sakkwato zafin Afrilu ba ya barinsa. Dogon yaro ya fi jurewa. A kewaye shi saboda awaki, a damƙa wa aji ɗaya ban-ruwansa.

Sajen nan da ya tafi bai yi magana ba, shekarar da ta biyo shi muka fara ba makirufo. Ya ba yara labarin yadda suka tsallake wani kogi da dare a lokacin yaƙin basasa, da abokinsa da bai tsallako ba, ya faɗi sunan abokin da garinsu. Wata malama ta ɗauki muryarsa a waya. Bai ga taro na uku ba, Allah ya jiƙansa. Da muka je ta'aziyya babban ɗansa ya ce su kansu ba su taɓa jin wannan labari ba, muka tura masa muryar a nan take. Don haka duk wanda ya yarda a ɗauki maganarsa ku ɗauka, ku rubuta sunansa da kwanan wata a jiki, ku ajiye a wuri biyu saboda waya tana ɓata, ku kai wa iyalinsa tasu.